Yadda Na Je Kete Karaci Neman Gwaggo Adiza

Tun ranar da aka dawo hutu ban ƙara cin ƙosaina da zafi ba a ɗakin malamai. Da na zauna sai Malama Ladi ta jawo kujera ta ce, "Binta, ina muka tsaya jiya, a boda ko a cikin jirgin ruwa?" Na ba wannan guntu, na ba waccan guntu, har ya kai wasu na gyara mini labarina. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, kowa ya karanta, ni ma in huta.

Duk Kakuri an san mahaifina da Malam Sani Ɗan Gana. Ya yi shekaru yana aiki a masaƙa kafin ciwon suga ya taɓa masa ido. A Kete Karaci aka haife shi, can ƙasar Gana, haka ma mahaifinsa. Kakansa Idi shi ne ya bar ƙasar Kano da ayarin fataken goro tun kafin Turawa su ci ƙasar Hausa, bai kuma dawo ba. Mu dai abin da muka taso muka ji shi ne Idi madugu ne, mai jakuna ba adadi. Baba ya zo Kaduna yana saurayi, shekarar da gwamnatin can ta kori baƙi, alhali shi bai taɓa taka Najeriya ba sai ranar.

Ana saura mako biyu a ba da dogon hutu ya kira ni bayan la'asar, ya sa na rufe ƙofa.

"Binta, ina da yaya. Sunanta Adiza. Ita ta goya ni bayan rasuwar uwarmu."

Na ce, "Baba, yaya kuma? Tun yaushe?"

Ya ce, "Ta auri ɗan gari, Kirista. Ranar da za mu hau mota na ce ta biyo mu, ta ce ba za ta bar miji da jariri ba. Ni kuma da zafin ƙuruciya na ce mata a gaban jama'a, daga yau ba ni da yaya. Shekara talatin ke nan. Ga shi soja sun koma bariki, an ce hanya ta yi sauƙi. Ke ce babba. Ki je, in tana da rai, ki ce mata na janye maganata."

Wallahi tausayi ya kama ni, amma ba zan ɓoye ba, murna ta fi yawa. Ni da ban taɓa wuce Abuja ba, ga ƙasa uku a gabana! Maigidana ya ce in dai tare da Mama Chidi ne, ya yarda. Mama Chidi maƙwabciyarmu ce, Ibo, tana da shagon atamfa a Sabon Tasha, kuma duk bayan wata biyu tana zuwa Lome saro kaya. Hausarta ta fi ta wasunmu, faɗanta kuma ya fi na kowa.

Muka tashi da sanyin safiya a babbar bas. Ko Gonin Gora ba mu gama wucewa ba wani mutum ya miƙe ya yi mana addu'a mai tsawo, muka ce amin, sai ya buɗe jaka ya fara tallar maganin basir. Da ya zauna sai siyasa ta karɓa. Wani dattijo ya zagi gwamnati da ƙarfi har na leƙa taga don tsoro. Ya dube ni ya ce, "'Yata, saki jikinki, yanzu mu muka zaɓe su, dole su ji." Aka yi ta musu har Lakwaja, babu wanda ya rage murya ko a shingen 'yan sanda.

A Legas muka sauka wurin ƙanwar Mama Chidi, ɗaki ɗaya da labule a tsakiya. Baiwar Allah ta je ta sayo sabuwar tukunya saboda ni, wai kada zuciyata ta yi wasiwasi. Ta yi sakwara da miyar ogbono. Na ci har na ji kunya, sannan na ƙara.

Washegari a bodar Seme na fara ganin ta kaina. Aka ce kowa ya fito da katin rigakafi. Na zazzage jaka, babu. Sai a lokacin na tuna na saka shi cikin rajistar ajina don kada ya lanƙwashe, rajistar kuwa tana kulle a Kakuri. Ma'aikacin lafiya ya ce ko in koma, ko a yi mini sabuwar allura nan take. Ni da nake yi wa 'yan aji uku faɗa in sun yi kuka ranar rigakafi, sai ga ni na rufe ido na ƙanƙame hannun Mama Chidi ina salati.

Ta ce, "Ticha, wallahi sai na gaya wa ɗalibanki."

Kwatano gari ne na babura. 'Yan acaɓa duk sun sa rawayar riga, mata kuma kowacce tana tuƙa nata, da ɗan kwali da jakar hannu, ko a jikinta. Burodinsu dogo kamar sanda, ɓawonsa ya kusa cire mini haƙori. Faransancina bai wuce gaisuwa ba, don haka duk wanda ya yi mini magana sai in gaishe shi, ko da tambayata yake in matsa.

A Lome aka shirya za mu rabu, ita ta shiga kasuwa, ni in wuce. Muka kwana a zango, gidan wata Hajiya mai saukar 'yan kasuwa. Da safe Mama Chidi ta dube ni ina ɗaure jaka ta ce, "Ke da kika mance kati a rajista, in na bar ki nan me zan gaya wa Baba? Atamfa ba ta ruɓewa. Mu je in ga ƙarshen wannan abu." Na rungume ta har ɗan kwalinta ya faɗi.

Muka tsallaka Aflawo da ƙafa, muka shiga Gana. An ce mana motar garin Ho tana tashi ƙarfe takwas. Takwas ta yi a agogona, direba na zaune yana shan koko hankali kwance. Na je na nuna masa agogo, na yi masa faɗan malaman makaranta a kan cika alkawari. Ya bari na gama, sannan ya nuna mini nasa: bakwai. Ashe tun daga Togo muna gabansu da awa ɗaya. Mama Chidi ta sani sarai, ta yi shiru don ta sha kallo.

Kafin motar ta cika na je wurin wata mai abinci. Tana ganin mayafina ta ce, "Sannu Hajiya, daga ina ka fito? Me za ka ci?" Na waiwaya ina neman namijin da take wa magana. Babu kowa sai ni. Hausar can ba ta cika raba mace da namiji ba, kowa "ka" ne, kowa "ya" ne. Ta zuba mini wake da shinkafa a ganye, amma ja wur saboda karan dafi, ta ɗora taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji da suke kira shito. Wannan kam ya fi namu, gara in faɗi gaskiya. Amma dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, loma ɗaya na yi na miƙa wa Mama Chidi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne layi. Mota ta zo, mutane suka shiga ɗaya bayan ɗaya, ba ture, ba mai shiga ta taga. Mu biyu ne kaɗai muka ruga da gudu, muka sami kanmu zaune ana kallonmu.

Daga Ho zuwa Dambai hanya ta lalace, ga damina. Sau biyu muka sauka muka tura mota a taɓo, har takalmina ɗaya ya tsaya a can. Muka isa bakin tafki a Dambai, jirgin fito ya riga ya tashi. Wata nas da muka tura mota tare ta kai mu gidanta, ta ba mu tabarma da gidan sauro, ta ara mini silifas. Da safe muka hau jirgin, wani ƙato mai ɗaukar motocin doya da mutane da awaki gaba ɗaya. Kwana huɗu ina dariya a hanya, sai a kan ruwan nan na tambayi kaina: in na tarar ta rasu fa?

Ranar Asabar muka shiga Kete Karaci. Muna sauka muka ji kiɗa. Rumfuna, kujeru, mata sun yi anko ja da baƙi suna rawa, ana rabon lemo. Na ce lalle mun shigo da sa'a, biki ake. Na kama hanci na rangaɗa guɗa. Kiɗa bai tsaya ba, amma kawuna sun juyo gaba ɗaya. Mama Chidi ta mintsine ni ta ce, "Ticha, jana'iza ce!" Haka suke yi in tsoho ya mutu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da na ji an ce tsohuwa ce ta rasu sai kunya ta koma tsoro, na kama wata mata ina tambayar sunan mamaciyar. Ta faɗa. Ba Adiza ba ce. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, wanda shi ma bai dace a wurin ba. Mama Chidi ta ja ni muka bar unguwar.

A zango aka kai mu wurin Alhaji Mumuni, tsohon da ya fi kowa sanin gidaje. Yana zaune a zaure yana gyara carbi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni 'yar Sani ce, ɗan Garba, jikan Idi madugu.

Ya ɗaga kai. "Sani mai zuciya? Yana da rai? Allahu Akbar! Amma wane ne Idi madugu?"

Na ce wanda ya zo da ayari daga Kano.

Tsohon ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, "'Yata, zauna in gaya maka, don ni na ga Idi da idona ina ƙarami. Idi korar jakuna yake wa madugu. Sun yi zama a garin Salaga, yaƙi ya tashe su, suka gangaro nan. Kurkunu ya kama masa ƙafafu biyu, ayari ya bar shi a bakin kogi ya wuce. Wata 'yar gari mai kyafa kifi, Abena, ita ta tsince shi. Wata uku tana naɗe masa tsutsar a tsinke tana ja kaɗan kaɗan har ta fita. Da ya miƙe ya ce ba inda za shi. Kwalekwalen ubanta ya koya, ya zama mai fito. Da Jamus suka kafa ofishin gunduma a kan tudu, shi yake ƙetarar da masinjansu. Da Ingilishi suka karɓa, su ma shi. Har ya mutu yana ƙirga jakuna da Hausa, yana zagin fasinja da Jamusanci."

Ya sa aka ɗauko wata gafaka, ya zaro takarda da ta yi ja don tsufa, rubutun ajami ne na limaman farko, jerin gidajen da suka kafa zangon. Ya bi da yatsa ya tsaya. Na karanta da kaina: Idi Bakano, mijin Abena.

Na ɗauka raina zai ɓaci da madugunmu ya koma ɗan korar jaki. Ina! Daɗi na ji har na tafa. Ashe muna da kaka mai kwalekwale ba wanda ya taɓa ambatar sunanta a gidanmu. Mama Chidi ta ce, "Ka ji mace! Har a takarda da sunanta aka san shi."

Na ce, "Alhaji, Adiza fa?"

Ya ce, "Yana nan bayan cocin Katolika, gida mai bishiyar lemo. Mijinsa ya rasu, yana zaune da ɗansa Kwame. Bai taɓa barin salla ba, in abin da ubanka ke tsoro ke nan."

Ban san sanda na miƙe ba, har na mance sallama.

Muka same ta a tsakar gida da zanen jan anko, tana cire takalmi. Ba sai an gaya mini ba. Goshin Baba ne, hancin Baba ne, har yadda take kallon mutum ta ƙasan ido. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kai ne mai guɗa a gidan mutuwa?"

Na durƙusa na ce, "Ni ce, Gwaggo. Ni 'yar Sani ce."

Ta nemi kujera ta zauna. Sannan ta jawo kaina ta shinshina, ta shafa kunnuwana, ta kira Kwame da ƙarfi da yarensu. Ya fito, ƙato, hannunsa duk ɓawon kifi, shi ne jaririn da aka ƙi bari. Aka yanka kaza, aka daka fufu, maƙwabta suka cika gida suna kallon 'yar Najeriya. Sai da aka watse na isar da saƙo, kalma kalma yadda Baba ya faɗa.

Ta ce, "Ban karɓa ba."

Na ce, "Gwaggo, ba ya gani sosai. Ba zai iya hanyar nan ba."

Ta ce, "Da bakinsa ya faɗa, a gaban mutane. Ba aike ya yi ba." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Kwana uku muka yi a gidan. Tana ba ni labarin yadda Baba ya taɓa faɗawa rijiya garin bin ɗan akuya, tana koya mini daka fufu, amma da na taɓo zancen saƙo sai ta ce miya na ƙonewa. Na fara tunanin abin da zan gaya wa Baba, na rasa.

Rana ta biyu Kwame ya ɗauke mu a kwalekwale. Tsohon garin duk yana ƙarƙashin tafki tun da aka datse kogin, Baba yana saurayi aka tashe su zuwa tudu. Muka yi ta ratsa kawunan matattun itatuwa. Can ya daina tuƙi, ya daidaita wata kuka da wani tudu, ya nuna ruwa ya ce, "Nan ne gidan Idi. Shi da Abena duk suna ƙasa." Na ɗaga hannu na karanta Fatiha. Kwame ya yi alamar gicciye, ya yi tasa addu'ar. Mama Chidi ta riƙe gefen kwalekwale da hannu biyu ta ce, "Amin, amin, duka amin, yanzu a mayar da ni ƙasa!"

Ranar da za mu tafi na fito da jakata jiki ba ƙwari. Sai na ga wani tsohon akwatin ƙarfe a bakin ƙofa, da ƙullin kifi, da doya huɗu manya. Gwaggo ta fito da sabon zane da katin shaidarta rataye a wuya.

Ta ce, "Tun da shi ba ya gani, ni ina gani. Mu je in ji da kunnena."

Na yi ihu, na sake yin guɗa, wannan karon kuwa ba wanda ya hana ni.

Dawowa da Gwaggo wata tafiya ce daban. A Aflawo ta yi wa ma'aikaci faɗa da yarensa har ya ɗaukar mata akwati. A Lome ta zaɓar wa Mama Chidi atamfa, ta ce wadda ta fara ɗauka ta 'yan makoki ce. A Legas ta leƙa taga ta ce, "Duk waɗannan mutanen ina za su?" Tuwon shinkafar da muka ci a hanya ta ce ba laifi, amma miyar ba ta ji yaji ba. Ko sau ɗaya ba ta ambaci sunan Baba ba, sai da muka wuce Gonin Gora na ga tana ta gyara ɗaurin ɗan kwali, ta kwance ta ɗaura, ta kwance ta ɗaura.

Da la'asar muka isa Kakuri. Ban aika da labari ba, don ba ta yadda zan yi. Baba na zaune a kan buzunsa a tsakar gida, Inna na tsince shinkafa. Ya ji muryata ya ce, "Binta? Kin same ta? Me ta ce?"

Gwaggo ta tsaya a bakin zaure ba ta shigo ba. Ta ce, "Sani."

Carbi ya faɗi daga hannunsa. Ya yunƙura zai tashi, sai ya durƙusa a inda yake. Kafin nan maƙwabta sun biyo mu, gida ya cika har ƙofa.

Ta ce, "To, ga mutane. Faɗi."

Baba ya ce, "Yaya, na janye. Na yi ƙarya ranar nan. Ina da yaya."

Ta ce, "Na baya ba su ji ba."

Ya ɗaga murya har ta fashe: "Ina da yaya! Ga ta nan!"

Sai ta tako, ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta kama kansa ta ɗora a kafaɗarta kamar ƙaramin yaro. Ta yi masa wata magana da yaren Karaci. Baba ya amsa da yaren, tiryan tiryan, yana kuka yana dariya. Suka ci gaba, ita ta faɗa shi ya faɗa, mu duka muna tsaye ba mai fahimtar ko kalma ɗaya.

Inna ta ajiye faifan shinkafa, ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Shekara ashirin da tara ina auren mutumin nan, ban san yana da wani baki ba." Ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce, "Tashi ki ƙara shinkafa. Ki kuma ƙara yaji."